Tambaya da Amsa: Gashin cuku mai laushi cikin kwaɓin fulawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin walima, ina son abin taɓa baki da baƙi za su fara da shi kafin abinci ya fito. Na naɗe cuku a kwaɓin fulawa na gasa, sai ya fashe, cukun ya tsiyaye a tire, ƙasan kuma bai gasu ba. A ina matsalar take? Daga wata uwargida a Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya kai mu ranar lafiya. Yawanci zafi ne ya riga ki tun kafin kwaɓin ya shiga obin. Wannan gashi asalinsa da cukun Faransa ake yi, Brie ko Camembert, masu farin ɓawo a waje da ciki mai laushi. Ɓawon nan shi ke riƙe cukun idan ya narke, don haka kada ki kankare shi, kada ki yanka shi. Ana cin sa.

Ga cuku ɗaya mai nauyin giram 250, ki auna fulawa giram 250, bota mai sanyi giram 125, gishiri rabin ƙaramin cokali, da ruwan ƙanƙara babban cokali 4 zuwa 5. Ki murtsuke botar cikin fulawa da kan yatsu har ta yi kamar tsaki, ki zuba ruwan kaɗan-kaɗan, ki haɗe kawai. Idan kika yi ta murza shi kamar kwaɓin burodi zai yi tauri. Ki sa shi a firji minti 30.

A nan ne yanayin Kano ke shigowa. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, bota na narkewa a hannu kafin ki gama murzawa, kwaɓin ya yi laushi ya riƙa yagewa. Shi ya sa ya fi a yi aikin da sassafe, cukun kuma ya fito daga firji kai-tsaye. Da hunturu abin ya fi sauƙi.

Ki murza kwaɓin kauri kamar milimita 3 zuwa 4. In ya fi haka siranta zai huje, in ya fi kauri cikinsa ba zai gasu ba. Ki shafa zuma cokali ɗaya a tsakiyar kwaɓin, ki barbaɗa yankakken dabino da soyayyiyar gyaɗa, ki ɗora cukun a kai. Cokali ɗaya muka ce. Zuma mai yawa ita ke gangarawa ta jiƙa ƙasan. Ki tattaro bakin, ki yanke rarar, ki manne da ruwan ƙwai, sannan ki kife shi, wurin haɗin ya koma ƙasa. Ki mayar da shi firji minti 20, ki shafe shi da ƙwai.

Obin ya riga ya yi zafi, digiri 200, tiren ma ya yi zafi a ciki. Minti 25 zuwa 30, har ya yi ja kamar bayan gurasa. Mai gashi da tukunya da yashi ta zuba garwashi a kan murfi, in ba haka ba ƙasa zai ƙone sama na fari. Bayan an fito da shi a bar shi minti 10. Wadda ta yanka nan take za ta ga cukun ya kwarara kamar koko.

Tambaya: Brie na da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Cukun Fulani zai yi? Daga wata amarya a Tarauni.

Amsa: Zai yi, amarya, sai dai ba zai narke ba. Da ruwan tumfafiya ake daskarar da madararsa, shi ya sa ko a mai aka soya shi yana nan da siffarsa. Ki tsane ruwansa sosai, ki marmasa giram 150, ki haɗa da cukun kanti mai kusurwa uku guda 4 domin maiƙo, da ɗan attaruhu da albasa mai lawashi. Ki yi su ƙanana kamar samosa, minti 18 zuwa 20 a digiri 200. A taron mata ma waɗannan sun fi sauƙin rabawa.