Cinikin da aka ƙulla ta kiran intanet, murya na tsinkewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, yawancin cinikina da masu kawo mini kaya ta kiran WhatsApp muke ƙulla shi. Ina kuma da wayar tebur marar igiya da nake yawo da kanta daga shago zuwa sito. Wani ya ce mini cinikin da ba a zauna wuri ɗaya ba bai ƙullu ba. Ga shi wani lokaci murya kan tsinke ana tsakiyar magana. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Cinikinka ya ƙullu, ɗan'uwa. Abin da shari'a ke nema shi ne yardar juna, kamar yadda ya zo a aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i, kuma a ji tayi, a ji sallamawa. Imamun Nawawi ya ce da mutum biyu za su yi nesa da juna, su yi ciniki da ɗaga murya, cinikin ya inganta babu saɓani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1990, ta ɗauki masu magana ta waya kamar waɗanda ke zaune tare. Amma ta ware ɗaurin aure saboda shaidu, da canjin kuɗi saboda sharaɗin hannu da hannu, da cinikin salam, wato sayen kayan da za a kawo daga baya, wanda dole a biya kuɗinsa tun a zaman ƙullawa.

Wayarka marar igiya ba ta canza komai ba. Kan da kake riƙewa yana magana ne da gindinsa ta iska, gindin kuma shi ke haɗe da layi. Na zamani sukan kai kimanin mita 50 a cikin gini, mita 300 a fili. Ka tafi sito ko ka dawo, muddin kuna jin juna, zaman cinikinku bai watse ba. Ga malaman da ke ba mai saye da mai sayarwa damar fasawa kafin su rabu, wato Shafi'iyya da Hambaliyya, kashe waya shi ne ya fi kama da rabuwa. A wajen Malikiyya kuwa, ana sallamawa ciniki ya tabbata.

Inda nake so ka lura shi ne tsinkewar muryar nan. Kiran intanet ba ya ware muku layi ɗaya kamar tarhon zamanin da. Na'ura ce ke daddatsa muryarka ƙanana-ƙanana, ta aika kowane yanki, a can a sake jera su. Yankin da ya ɓace ko ya makara ba a jiransa, wucewa ake yi. Sai ka ce katan sha biyar, "sha" ta faɗi a hanya, abokin cinikinka ya ji biyar, ya ce ya sallama. A nan babu ciniki, domin abin da ka taya daban, abin da ya sallama daban. Haka idan kira ya yanke bayan ka taya kafin ka ji amsarsa: kada ka gina komai a kan zato, ku sake kira ku sabunta magana. Ni dai ina ganin ya kamata kowa ya maimaita adadi da kuɗi da bakinsa, sannan a bi da rubutaccen saƙo. Idan kuma bashi ne, aya ta 282 cikin Baƙara ta riga ta yi umarni da rubutawa.

Saura sanin wanda kake magana da shi. A kiran intanet ana iya sa lambar wani ta bayyana a fuskar wayarka, yanzu ma har murya ake kwaikwaya da na'ura. Idan ka yi shakka, kashe, ka kira lambar da ka sani da kanka kafin ka tura kuɗi. Wanda aka ƙulla ciniki da sunansa bai sani ba, cinikin bai hau kansa ba.

Wallahu a'alam.