Kafin ka biya kuɗin kwaso takardun bincike da Python

Tambaya: Salam Malam. Ina digiri na biyu a fannin lafiya, na rubuta ɗan kod na Python da yake kwaso min sakamako daga Google Scholar, yanzu sun toshe ni, captcha kawai nake gani, gwajin nan na tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba. Wani ya ce in biya masu kwaso wa mutane. In biya?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Google Scholar bai buɗe wa kod wata ƙofa ba, wato ba shi da API, shi ya sa da ka matsa masa sai ya rufe, kuma ko ba a toshe ka ba sakamako 1000 ne iyakar abin da zai nuna maka a nema ɗaya, to me za ka saya ke nan? Tunda lafiya kake karanta PubMed ne gidanka, wato rumbun takardun binciken lafiya, kuma kyauta ne. Suna da tasu ƙofar ta kod, E-utilities, a Biopython, wani ƙunshin kayan aiki na Python, akwai Entrez da yake magana da shi kai tsaye. Ba key, wato lambar shaida da suke ba mai kod, za ka iya tura buƙata 3 a sakan ɗaya, in ka yi rajista ka karɓi key, shi ma kyauta, ya koma 10. Inda mutane suke tuntuɓe shi ne nema ɗaya baya wuce sakamako 10,000, in naka ya fi haka sai ka yanka shi shekara-shekara. Abin da PubMed bai ɗauko ba ka leƙa Crossref da OpenAlex, su ma rumbunan bayanan takardun bincike ne. Scopus kuwa, wani rumbun irinsu, na kuɗi ne, fara tambayar laburaren jami'arku ko sun riga sun biya.

Tambaya: Malam Excel ya ishe ni ajiya ko sai na sayi EndNote? Ni ɗaliba ce.

Amsa: 'Yar'uwa Zotero, manhajar adana bayanan takardun bincike irin EndNote, zai miki aikin kyauta. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ki fara adana amsar da rumbun ya turo wa kod ɗinki yadda ta zo, a fayil ɗin JSON ko XML, kafin ki taɓa komai, don ranar da kika tuna kin manta abstract, wato taƙaitaccen bayanin takarda, ba sai kin sake kwasowa daga farko ba. Daga nan ki fitar da CSV, fayil ɗin tebur da Excel yake buɗewa. Excel kam a yi hattara, yana iya maida wasu lambobi kwanan wata ba tare da ya tambaye ki ba. Maimaici kuma da DOI ake cire shi, wato lambar shaidar takarda, don taken takarda yana zuwa da rubutu iri-iri. Ki rubuta ranar da kika yi neman da ainihin kalmomin da kika sa, malamin da ke duba aikinki sai ya tambaya.