Komawa Saƙar Kwarashi Domin Yara

Tambaya: Malama, na koyi saƙar kwarashi tun ina budurwa, amma na ajiye ta sama da shekara goma. Yanzu ina goyon 'yar wata huɗu, yayanta kuma yana da shekara biyu, ina so in saƙa musu kaya da hannuna. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, hannun da ya taɓa saƙa ba ya mantuwa. Abin da yakan kuɓuce wa mutum shi ne daidaita jan zare, sai ki ga wani layi ya ɗame, wani ya yi sako-sako. Saboda haka ki nemi zare mai matsakaicin kauri, mai launi mai haske domin idon saƙar ya fito, da kwarashi mai milimita 4, ki saƙa ɗan gwaji na santimita 10 tsawo da faɗi, sannan ki wanke shi ki ga ko zai tsuke ko launinsa zai zuba. Daga nan sai hula, domin tana ƙarewa da wuri. Ki auna kan jaririyar, ki rage kamar santimita 2, tun da saƙa tana miƙewa.

Ni dai zaren auduga na fi so ga fatar jariri, domin yana shan gumi, ko da yake ba ya miƙewa sosai. Zaren roba yana jure wanki, amma yana riƙe zafi, kuma yakan narke idan ya kusanci wuta. Ulu na gaske kuwa ruwan zafi yana tsuke shi.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne lafiyar yaran. Yaron da bai kai shekara uku ba yana kai kusan komai baki, don haka kada ki sa maɓalli ko dutsen ado a kayansu. Idan 'yar tsana kika saƙa, ki ɗinka mata idanu da zare, ki matse saƙar yadda abin da kika cusa ciki ba zai leƙo ba. Kada ki yi wa hula ko riga igiyar ɗaurewa a wuya. Kowane bakin zare ki bar masa kamar santimita 15, ki saƙala shi ciki da allura, musamman a safa, domin sili ɗaya yana iya naɗe yatsar jariri har jini ya daina gudana. Bargon da kika saƙa kuma kada ki lulluɓe jaririyar da shi lokacin barci sai ta cika shekara ɗaya.