Amsa ga ɗan'uwanmu da yaransa suka fi jin Twi

Malam salamu alaikum. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce shekara shida kenan kana Kumasi, yanzu in ka yi wa yaranka Hausa sai su amsa maka da Twi, yaren mutanen Asante na Ghana, har kana tunanin maida su Kano wajen kakarsu kar su ɓace. To bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Ni a unguwar Aboabo nan Kumasi aka haife ni, babana ma haka, kakana ne ya zo daga ƙasar Katsina da fataucin goro ya zauna. Kakan nan nawa har ya rasu Twi ɗinsa bai wuce na ciniki ba, daga zango sai kasuwa sai masallaci, kullum cewa yake baɗi zai koma gida, takarda kuwa bai taɓa nema ba don a ganinsa baƙo ne na ɗan lokaci. Sai ga Nuwamba 1969, gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin sati biyu. Babana in ya tuna lokacin nan har muryarsa canzawa take, mutane sun sayar da gidaje da shaguna a banza, an cika manyan motoci da mata da yara, ƙanin kakana ya tafi da iyalinsa garin da yaransa ba su taɓa takawa ba. Mu abin da ya tsare mu kakata ce, ita ƴar ƙasa ce, danginta Tonawa, wato mutanen Asante, suka tsaya mana. Kuma kar mu manta a 1983 lokacin Shagari Najeriya ta yi wa ƴan Ghana irin wannan korar, ciwon iri ɗaya ne.

Shi ya sa wallahi ni Twi ɗin yaranka ba ya tsorata ni, arziki ne Allah ya ba su. Yaron da ya iya gaida tsohuwa da yarenta, ya san yadda ake zuwa ta'aziyya gidan maƙwabci ko da Kirista ne, ba wanda zai nuna shi da yatsa ya ce baƙo. Dubi Sarkin Zangon Kumasi, da rawaninsa da dogarai yake zuwa fadar Manhyia gaida Otumfuo sarkin Asante, rawanin bai faɗi ba. Dubi Shehu Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin ƙasa, a 2019 da ya cika shekara 100 ya shiga cocin Katolika a Akra ranar Ista, ya fito da musuluncinsa cikakke. Su ma ai sun karɓi namu, waakye da duk Ghana ke taƙama da shi wake ne da shinkafa, koko da ƙosai da tuwon zafi kuwa ko sunan ba su canza sosai ba.

Ba wai babu ɗaci ba ne. Na taɓa zuwa yin katin shaida wani ma'aikaci ya kalli sunana ya ce ina ne garinku na asali, na ce Kumasi, ya ce a'a na asali, ranar raina ya ɓaci sosai don ba ni da wani garin. Da Twi na amsa masa har ya sauko.

Abin da zan roƙe ka shi ne takardu. A tsarin mulkin 1992 haihuwa a Ghana kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ko kaka ɗan ƙasa ne, kwana 90 da ake ba ɗan ƙasashen ECOWAS ya shiga ba biza kuma ba izinin zama ba ne, ka gyara naka da nasu tun yanzu. Hausa kuwa a gida ake riƙe ta, kai da mamansu ku daina juyawa zuwa Twi in sun amsa da shi, ku sa su makarantar allo da yamma, hutun ƙarshen shekara su je Kano su yi wata guda su dawo. Haka na yi da nawa huɗu, babbar yanzu ita ke yi wa mata tafinta in an je awo.