Garin farin wake a madadin fulawa: Likita ya amsa tambayoyinku

Likita, barka da aiki. An gwada 'yata mai shekara 7, aka ce tana da cutar siliyak, an hana ta duk wani abu na alkama. Wata maƙwabciya ta ce in koma garin farin wake. Ya halatta mata? Daga wata uwa a Shara Mansur, Makka.

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Wake ba shi da gulutin ko kaɗan, wato sinadarin nan na alkama da sha'ir da ke lalata bangon ƙaramin hanjin mai siliyak. Don haka ya halatta mata. Inda ake samun matsala shi ne wajen niƙa. Injin da ya niƙa alkama ɗazu, in aka zuba masa wake, garin zai fito da ragowar alkama, kuma ɗan abin da ido ba ya gani ya isa ya tayar da ciwon. Ƙa'idar duniya ita ce gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda kafin a rubuta wa abinci cewa babu gulutin. Garin da ake aunawa a buɗe a shagon kayan ƙamshi, ludayi ɗaya na yawo daga buhu zuwa buhu, ki bar shi. Ko ki sayi na leda mai hatimi da wannan rubutun, ko ki niƙa a gida.

Na gida ba wuya. Ki tsince waken nan namu, wanda Larabawa ke kira lubiya, ki duba da kyau domin ƙwayar alkama kan shiga buhu. Ki jiƙa shi minti 10, ki murje bawon, ki wanke, ki baza a faranti ya bushe ƙarau, har in kin ciza ya ce ƙas. In da sauran laima garin zai dunƙule ya yi tsami. Ki niƙa a ƙaramin injin da ba a taɓa sa masa alkama ba, ki tankaɗe da rariyar da kika ware mata. Da zafin Makka, abin da ya wuce na mako biyu a firiza ya kamata ya zauna.

Kuma ba sai kin je nesa ba, ƙosai da alale da ɗanwake duk nata ne. Sai dai ɗanwaken yanzu mutane sun cika shi da fulawa. Ki koma na asali: garin wake kofi 2, garin rogo kofi 1, kuka babban cokali 2, ruwan kanwa kaɗan. Kuka ce ke riƙe shi. In ya taso saman ruwa ki ƙara masa minti 10 zuwa 15. Ki karanta takardar dunƙulen girki da na garin yaji, wasu akwai alkama a ciki, kuma kada ki soya mata ƙosai a man da aka soya sambusa. Abincin Saudiyya irin su tamis, jarish, harisa, masub da sobiyar azumi, wadda ake yi da sha'ir ko burodi, duk ta yi bankwana da su. Ki nemi a gwada 'yan uwanta ma, domin kusan mutum 1 cikin 10 na 'yan uwa na jini kan kasance da cutar.

Na yi burodi da garin wake zalla, ya ƙi tashi, ciki danƙo, ga warin ɗanyen wake. Ina kuskuren? Daga Jidda.

Kuskuren shi ne zallar. Gulutin ne ke yin yauƙin da ke riƙe iskar yis a cikin kwaɓi, wake kuwa ba shi da shi, sai iskar ta fice. Garin wake kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin. Ga na gwangwanin burodi guda, kuma da sikeli za ki auna, kofi yana yaudara a nan:

Garin wake giram 125, garin shinkafa giram 150, garin dawa giram 100, sitacin masara ko na rogo giram 125. Gishiri giram 8, sukari giram 15, busasshen yis giram 7, mai babban cokali 2, khal ƙaramin cokali 1. Sai ɓawon isbagul (ƙwayar wani tsiro ce mai yin yauƙi a ruwa) giram 20, wanda ake samu a kantin magani da wajen masu kayan ƙamshi, da ruwan ɗumi mililita 480.

Ki fara zuba isbagul a ruwan, ki juya, ki ba shi minti 5 ya yi kauri kamar miyar kuka. Shi ne zai tsaya a matsayin gulutin. Ki juye a kan garin ki buga sosai minti 4. Kwaɓin zai yi laushi yana manne wa hannu, kuma haka ake so. A nan mata da yawa ke ƙara gari don ya yi kama da kwaɓin fulawa, sai burodin ya fito da tauri. Ki zuba a gwangwani, ki shafe saman da jiƙaƙƙen hannu. Tashi ɗaya kawai yake yi, minti 35 zuwa 45, kuma ba a jira ya ninka biyu. In ya ƙaru da rabi ya isa. A ɗakin girki mai zafi irin na Jidda yakan yi sauri, in ya wuce lokaci zai kumbura a tanda sannan ya rufta. Ki gasa a digiri 200 na minti 55 zuwa 60, ki cire shi daga gwangwani ki mayar minti 5. Kada ki yanka sai ya huce awa biyu, domin rabin danƙon da ake kuka da shi daga yankan gaggawa ne.

Warin kuwa, ki ɗan gasa garin waken a busasshen kasko, wuta ƙasa-ƙasa, minti 8 kina juyawa, har ya soma ƙamshi bai canza launi sosai ba. Amma gasasshen gari ba na ƙosai ba ne, ba ya bugawa ya ɗauki iska.

Na sayi garin fasoliya fara na yi wa yara wainar kasko, bayan awa biyu duk suka kama amai da zawo. Garin ne ya lalace? Daga Madina.

Da alama bai dahu ba ne. Fasoliya, wato waken nan mai siffar ƙoda, daban take da waken gida. Tana ɗauke da wani sinadari mai suna lektin wanda in ba a dafa ba yake sa amai mai ƙarfi da zawo cikin awa 1 zuwa 3. Ja ta fi yawansa, amma fara ma tana da shi. Tafasa ce ke kashe shi, zafi mai ruwa, digiri 100. Wainar da aka juya minti biyu a kasko, ko garin da aka barbaɗa a miya ana shirin saukewa, bai samu wannan ba, kuma gasa garin a busasshe bai wadatar ba. In kauri za ki yi wa miya da shi, ki dama da ruwan sanyi, ki zuba, ya tafasa aƙalla minti 15. Don waina da kek ya fi aminci ki jiƙa fasoliyar ta kwana, ki zubar da ruwan, ki tafasa ta minti 30 ko fiye a sabon ruwa, ki markaɗa ki zuba a kwaɓi. Kada a bar yara su lashi ɗanyen kwaɓi. Yawanci abin yana wucewa cikin 'yan awanni da ruwan gishiri da sukari, amma yaron da ya galabaita, ko fitsari ya ɗauke masa, ko aka ga jini, asibiti nan take.

Ɗana yana da ƙarancin G6PD, an hana shi ful. Wake fa?

Malam, G6PD wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Ful, wato babban waken nan mai faɗi da Larabawa ke ci, shi ne ke da sinadaran da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu wannan larura. Waken gida da fasoliya ba sa cikin abin da aka tabbatar yana yin haka. Abin lura, wasu haɗaɗɗun garin da ba gulutin ana sa musu garin ful, haka ma wata ta'amiyar, wato ƙosan Larabawa. Ka karanta jerin kayan haɗi kowane lokaci. In ka ga idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu, ka kai shi da gaggawa.

Ina da ciwon suga shekara da shekaru, yanzu kuma an ce ƙodata ta soma rauni. Zan iya komawa garin wake? Daga wani dattijo a Riyad.

Baba, ta ɓangaren suga wake ya fi farar fulawa: a giram 100 yana da furotin sama da giram 20, ninki biyu na fulawa, ga dusa mai yawa da ke rage saurin hawan suga. Amma burodin da na bayyana a sama, da shinkafa da sitaci a ciki, yana ɗaga suga kamar na alkama ko fiye. Rashin gulutin ba maganin suga ba ne.

Ƙoda ce ta sa zan ce ka dakata. Busasshen wake yana da fotasiyam sama da miligiram 1,000 a giram 100, fulawa kuwa wajen 100 ne. Ƙoda mai rauni ba ta fitar da shi yadda ya kamata, in ya taru yana rikita bugun zuciya, musamman ga mai shan wasu magungunan hawan jini. Gari ya fi dafaffen wake haɗari, tunda shi ba a zubar da ruwan dahuwarsa. Ka kai sakamakon gwajin jininka na baya-bayan nan wa likitan ƙoda ya yanka maka adadi. Kanwa kuma ka rage ta ƙwarai, gishiri ce a wata riga.

Ni ban yi gwaji ba, amma burodi yana kumbura mini ciki. Na bar alkama na koma wake, sai iska ta ƙaru.

Iskar daga wasu nau'o'in sukarin wake ne da hanji ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin babban hanji su cinye su. Ki fara da babban cokali 2 na garin a rana, ki riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu zuwa uku, ki yi amfani da wanda aka cire wa bawo.

Amma kin sa keke a gaban doki a maganar gwaji. Gwajin jini na tTG-IgA da ɗaukar ɗan naman hanji suna nuna siliyak ne kawai in mutum yana cin alkama. Wanda ya bari, sakamakonsa kan fito lafiya lau alhali cutar na nan. Ki ga likitan ciki, zai sa ki koma cin burodi yanka ɗaya ko biyu kullum na wasu makonni kafin a ɗebi jinin. In akwai rama, ƙarancin jini ko zawo mai daɗewa, kada ki jinkirta zuwa.