Hukuncin Biyan Inshorar Lafiyar Ma'aikata Mai Ɗauke da Maganin Tazarar Haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, ina da kamfanin jigilar kaya, ma'aikatana sun haura hamsin, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Doka ta ɗora mini samar musu da inshorar lafiya, kuma a cikinta akwai magungunan hana ɗaukar ciki. Na ji wasu kamfanonin Kiristoci sun ƙi biya saboda addini, kotu ta ba su gaskiya. Shin ina da laifi idan na biya? Ko ni ma in nemi a cire ni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka taɓa haƙƙin mutane.

Abin da ka ji gaskiya ne. Dokar kiwon lafiya ta 2010, ta zamanin Obama, ita ce tushen wannan sharaɗi. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ba kamfanin Hobby Lobby gaskiya, bisa wata doka ta 1993 mai kare 'yancin addini. Sai dai a lura da abin da masu kamfanin suka ƙi: hanyoyi 4 ne kawai cikin 20, wato ƙwayoyin gaggawa iri biyu da robar mahaifa iri biyu, domin a ganinsu suna halaka ciki bayan ya fara shiga. Su kuwa matan zuhudun Katolika na Little Sisters of the Poor, waɗanda shari'arsu ta kai Kotun Ƙoli a 2020, cocinsu ya haramta duk wani maganin hana haihuwa ne ɗungurungum. To kowa da aƙidarsa ya je kotu. Kai kuma dole ka duba taka.

A Musulunci tazarar haihuwa tsakanin ma'aurata ba haramun ba ce a asalinta. Jabir, Allah Ya yarda da shi, ya ce sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje yayin saduwa, alhali Alƙur'ani yana sauka, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Imamu Malik ya sharɗanta yardar matar. Akwai hadisin Judama da ya kira azalu ɓoyayyen bisne jariri, amma mafi yawan malamai sun ɗauke shi a kan karhanci, don a haɗa shi da hadisin Jabir. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta jinkirta ɗaukar ciki na wani lokaci idan akwai buƙata, da shawarar miji da mata, ba tare da cutarwa ba. Ta haramta kashe haihuwa gaba ɗaya sai da lalura. Saboda haka ƙwaya da allura da ashanar fata suna bin hukuncin azalu. Ballantana ma likitoci suna rubuta wa mata waɗannan ƙwayoyin don rikicewar jinin al'ada, ba batun haihuwa ba sam.

Na san abin da ke damunka shi ne faɗin Allah a Suratul Ma'ida cewa kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, musamman ganin wani zai iya amfani da maganin wajen zina. Inshorar nan wani yanki ne na ladan ma'aikaci, da guminsa ya same ta. Idan ka biya direbanka albashi ranar Juma'a ya je ya sha giya da shi, babu malamin da zai ce kai ka shayar da shi. Kai kuɗi kake bai wa kamfanin inshora dunƙule, ba ka san wa ya karɓi me ba, doka ma ta hana ka sani, shari'a kuma ta hana ka bin diddigin sirrin mutane. Taimakon da ayar ta hana shi ne wanda ka san saɓon, ka nufe shi, ko ka miƙa kayan aikinsa kai tsaye. Wata rai ba ta ɗaukar nauyin zunubin wata.

Inda za ka sa ido shi ne zubar da ciki. Malikiyya sun tsananta a nan, sanannen zance a mazhaba shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko kafin kwana 40. Dokar tarayya ba ta tilasta biyan kuɗin zubar da ciki ba, amma wasu jihohi irin su New York da Kalifoniya sun sa shi a inshorar da ke ƙarƙashin ikonsu. Idan kana da zaɓin tsarin da babu shi, ɗauki wannan. Idan dokar jiharka ta toshe zaɓin, kai tilastacce ne, laifin yana kan mai aikatawa. Haka batun juya mahaifa, wato kashe haihuwa gaba ɗaya: idan doka ta tilasta shi a inshorar, laifin ba a kanka yake ba. Ƙwayar gaggawa ta Plan B kuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta bayyana a 2022 cewa aikinta hana fitar ƙwan mace ne, ba ta taɓa cikin da ya shiga.

Amma ka je gaban hukuma ka ce addininka ya haramta maganin tazarar haihuwa baki ɗaya, wannan ban yarje maka ba. Ƙarya ce ga shari'a, ko da za ta rage maka kuɗi, kuma za ta faɗa kan matar aure mai shayarwa ko wadda aka yi wa tiyata likita ya ce ta huta.

Ka biya inshorar, babu laifi a kanka. Ka nemi lauya ya duba maka dokar jiharka kan batun zubar da ciki kafin ka sabunta yarjejeniyar bana. Wallahu a'alam.