Hukuncin Ziyartar Cocin Ronchamp Don Nazarin Gini

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun zanen gine-gine a Faransa, an shirya kai ajinmu cocin Katolika na Ronchamp don mu nazarci gininsa. Ya halatta in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa karatu albarka. Cocin da kake magana a kansa yana bisa wani tsauni a gabashin Faransa, kusa da garin Belfort. Mai zanen gine-gine Le Corbusier ne ya zana shi bayan yaƙi ya rushe na da a 1944, aka buɗe shi a 1955. Rufinsa na kankare a lanƙwashe yake kamar ƙoƙon kaguwa, kuma bai zauna kan bango kai tsaye ba, an bar 'yar siririyar kafa da haske ke shigowa. Bangon kudu kauri gare shi, da tagogi manya da ƙanana barbaje. Wannan duk ilmin gini ne, koyonsa ba laifi. Sai dai wurin ba gidan tarihi kawai ba ne: har yau ana ibada a ciki, akwai gicciye, akwai kuma mutum-mutumin Nana Maryamu, wanda shi ne abin da hukuncin ya rataya a kai.

Malamai sun saɓa. Hanafawa sun karhanta shiga coci. Da yawa daga Shafi'awa sun hana idan da siffofi a ciki, kuma Buhari ya kawo cewa Umar (RA) ya ce ba sa shiga majami'u saboda siffofin da ke cikinsu. Hambalawa, a mashhurin zancensu, sun halatta. Mu a mazhabar Malikiyya, abin da ya fi fitowa fili shi ne karhancin yin salla a ciki, kamar yadda ya zo a Risala. Masu halattawa suna kafa hujja da Ummu Salama da Ummu Habiba, da suka ba Annabi (SAW) labarin wani coci da suka gani a Habasha. Ya zargi masu yin siffofin da masu gini kan kaburbura, bai zarge su su biyun ba.

Abin da na fi natsuwa da shi: wanda ke da buƙata ta gaske irin taka, kuma ya san addininsa, ya halatta ya shiga. Mai yawon buɗe ido zalla, barinsa ya fi, ya kalli ginin daga waje.

To, ka kula da rana. Ranakun 15 ga Agusta da 8 ga Satumba ne ake babban taron ziyarar addini a can, kuma an ruwaito daga Umar ya hana shiga majami'u ranar bukinsu. Idan tafiyar ta faɗo kan su, ko kuka tarar ana tsakiyar ibada, ka tsaya waje har a tashi. A ciki ba sunkuyawa gaban bagadi ko gicciye, ba kunna kyandir, ba tsoma hannu a ruwan tsarkinsu, ko da abokanka sun yi da sunan ladabi. Naka ladabin shi ne sassauta murya da kame baki daga izgili, don Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin bautar wasu. Kuɗin tikiti ladan shiga ne, ba komai. Ka ɗauki hoton bango da rufi, ka bar mutum-mutumin.

Inda ɗalibai ke kuskure shi ne salla. Akwai bagadi na biyu a waje ta gabas, mutum-mutumin kuma ana hango shi daga nan, alhali alƙibla a yankin kudu maso gabas take. Kada ka shimfiɗa darduma inda ginin zai zama a gabanka. Ka sauko daga tsaunin ka yi. Idan nisan ya kai na kasaru, wajen kilomita 80, sai ka yi raka'a biyu-biyu a Azahar da La'asar.

Wallahu a'alam.